Sallama Uku da Albasar Danwarai

Ku da kuke zaune kuna latsa waya da babban yatsa, kuna cewa tallar kaya ta imel ai ba aiki ba ce, rubuta ka tura kawai, ku matso in ba ku labari. Ni ne Ladan, wanda mutanen Jega ke ce wa Ladan Tafireta har yau, ko da yake rabona da tafireta an kwana biyu. Na ci tuwo da wagga sana'a tun ba ta da suna, kuma na taɓa tura saƙon da ya ruɓar da rudun albasa sukutum. Rudu, in ba ku sani ba, shi ne ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace a jibge albasa ciki, iska na ratsa ta, har kasuwa ta yi kyau.

Aikin farko da anka ba ni takardar neman aiki ce. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, kowa na son gurbi a sabuwar gwamnati, ko masinja ne ko maigadi. Ubangidana Malam Sahabi, mutumin Maiyama, yana da tebur da benci gindin wani dogonyaro kusa da gidan waya, da wata tsohuwar tafireta mai harafi guda da ke maƙalewa sai an ɗago shi da farce. Na zauna na buga takardar nan tsaf, da kabon a ƙasa don a samu kwafi biyu, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya karanta, ya yage ta gida biyu.

Ya ce, "Wa ya aiko ta?"

Na ce, "Ga sunan nan can ƙasa, Malam."

Ya ce, "Ƙasa? Kai in ka je gidan mutane, shigewa kake yi har tsakar gida, ka zauna ka gama zuba, sannan ka ce kai ne wane? Takarda baƙuwa ce, Ladan. Ta tsaya zaure ta yi sallama, ta ce ni ce wance, wane ne ya aiko ni. Sake!"

Na sake. Shekaru na yi ina sakewa a gindin dogonyaron nan, har hannuna ya faɗa.

Da kwamfuta ta shigo, ni ne na fara zumuɗi. Na je Birnin Kebbi na koya, na dawo, wani Alhaji ya buɗe kafe, shagon intanet, kusa da tasha ya damƙa mini. Kai, zo ka ga kallo! Ranar da anka ɗora farantin intanet bisa rufin kwano, har mahauta sai da sunka bar nama sunka zo. Kwamfutoci huɗu ne masu ƙaton ƙeya, da firinta mai cin takarda in ta ga dama, da janareta da muke ce wa Tsohuwa saboda tari. Shafi guda kuwa, kana iya latsawa ka tafi ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Amma wa ya damu? Wasiƙar da ke yin sati biyu a hanya, ga ta tana isa Ikko kafin shayinka ya huce. Malam Sahabi ya zo ya leƙa sau ɗaya, ya girgiza kai, ya naɗe tafiretarsa ya koma Maiyama.

Kayan farko da na sayar ta imel albasar Baba Dikko ce, wani dattijo manomi na Danwarai, mai magana ɗai-ɗai kamar ana saye. Ya zo ne a buga masa wata takarda, muna hira ya ce shi abin da ke ci masa rai, bai taɓa ganin fuskar mai cin albasarsa ba. Dillali ya saya, dillali ya sayar, shi dai nasa noma. Ni kuwa ina da aboki direban babbar mota, Bagudu, mai kai albasa kudu. Na ce masa duk babban mai saye da ya gani da kati mai adireshin imel, ya roƙo mini, kuma ya gaya wa mai katin cewa wani Ladan daga Jega zai rubuto. Ya kawo mini kati bakwai, duk sun sha man inji. Na rubuta wa kowa tasa daban: ni ne wane, Bagudu direba ya ba ni katinka, ga albasar Danwarai ja, ta bushe sarai, in kana so ka amsa.

Kwana biyu shiru. Rana ta uku da hantsi na buɗe akwatin imel, sai ga amsa! Wata Madam Ngozi ce daga Fatakwal, mai kai wa otal-otal kayan miya. Wallahi ban san sa'ad da na buga ta a firinta na fita da takardar a hannu ba, ba takalmi, ina kiran Bagudu cikin tasha kamar wanda anka yi wa haihuwa. Bayan sati biyu mota ta tsaya ƙofar gidan Baba Dikko, ba dillali ba ɗan kamasho. Mutanen Danwarai sunka fito suna shafa motar. Daga ranar sunana ya tashi. Aliero, Jiga Birni, Maiyama, mai fata, mai busasshen kifi, mai shinkafa, kowa Ladan, Ladan. Ina da wani littafi mai baƙin bango, kowane mai saye da shafinsa: wa ya haɗa mu, mi yake saye, wane wata yake nema. Ban taɓa rubuta wa wanda ba ya cikin littafin nan ba, kuma ba wanda ya taɓa yin kuka da ni.

To, sai baƙar shekara ta zo, kuma da fara'a ta zo. Albasa ta yi albarka ko'ina, har ta rasa masu ɗauka. Dillalai sunka riƙa tayin wulaƙanci, wanda ko kuɗin buhu bai fitarwa. Madam Ngozi ta rubuto ta ce a ajiye mata, za ta turo motoci kafin ruwa ya sauka. Da wagga magana Baba Dikko ya tara maƙwabtansa ya ce kar kowa ya sayar. Sunka ji maganarsa, sunka kori dillalai, anka cika rudu uku: ɗaya nasa, biyu na maƙwabta. Ku riƙe wannan da kyau. Albasa ba ta shiri da damina, in laima ta shige ta, ta gama yawo.

Ni kuma a shago an yi mini caa. Manoman Aliero da na Jiga Birni sun cika benci, kowa na cewa, "Ladan, yadda ka yi wa Danwarai ka yi muna." Littafina kuwa mutum nawa ne ciki? Ana haka sai ga wani mai gyaran kwamfuta ɗan yawo, ya zaro wani faifai mai walƙiya daga jaka. Ya ce adireshin mutanen duniya ne ciki, ba su ƙirguwa, latsawa guda duk su ji ka. Kaina ya yi girma nan take. Na ce ashe ina ta kamun kifi da ƙugiya, ga taru!

Abin da na yi, ku ji don ku guje shi. Na rubuta saƙo guda da Turanci, duk da manyan baƙaƙe, kansa na cewa ga kasuwanci na gaggawa daga Najeriya. Ban sa sallama ba, ban ce ga wanda ya ba ni adireshi ba, don ba wanda ya ba ni. Na liƙa hoton albasa mai nauyin tsiya. Na kwaso adireshin faifai tuli-tuli, na haɗa da na mutanen littafina, har da na Madam, na zuba su duka a layin da kowa ke ganin na kowa. Na tura. Washegari na sake, jibi na sake, kamar mai shela ranar kasuwa. Ina tafe ina taƙama cikin tasha, ashe da irin kalmomin nan 'yan damfara ke buɗe baki, kuma duniya ta riga ta gaji da su.

Amsoshi kam sun zo, ba a magana! Wani malamin jami'a daga wata ƙasa mai sanyi ya ce zai haɗa ni da 'yan sanda. Wata tsohuwa ta ce ita ko albasa ba ta ci, in ji tsoron Allah in ƙyale ta. Wani bai rubuta komai ba sai zagi layi uku, na duba ƙamus na rufe. Ban san cewa kowane akwati yana da wurin da mutum zai latsa ya kai ƙarar saƙo ba, cewa shara ce anka watso masa. Sun latsa kuwa, sun latsa da zuciya ɗaya. Rana ta shida da safe na tada Tsohuwa, na sa sunana, sai allo ya ce an rufe wanga akwati saboda koke-koken jama'a. Na sake, haka. Na goge allon da hannun riga, kamar datti ne.

Na buɗe sabon akwati na rubuta wa Madam. Shiru. Na sake, shiru. Wayar hannu ba ta kawo Jega da kyau ba lokacin, kuma ban taɓa karɓar lambarta ba, don ina ganin ni na wuce nan. Sai da Bagudu ya dawo daga kudu na ji zancen. Ya shigo bai ko zauna ba.

Ya ce, "Ladan, mi ka yi wa matar nan? Ta ce ka tuɓe mata zane a kasuwa. Adireshinta ya shiga hannun kowa, 'yan damfara sun cika mata akwati, masu zaginka ma ita suke haɗawa da kai. Da hannunta ta kai ƙararka. Ta sa an toshe duk abin da ya fito daga wurinka, ko duba shi ba ta yi."

Na ce, "To, motocin fa?"

Ya ce, "Waɗanne motoci? Ta ce ta fasa."

Nan na ji tsoro, tsoro na gaske.

Takardar farko da na aika mata ta hannun Bagudu, shafi biyu ce cur, duk rantsuwa. Ba laifina ba ne, mai faifai ne, inji ne, ban sani ba. Bagudu ya ce ta karanta layi biyu ta miƙa wa mai gyaɗa. Ta biyu na ba wani direba, ita kuma kirarin albasa ce da magiya: ja ce, mai ƙwari ce, an rage miki, ki taimaka. Ko uffan. A tsakanin nan gabas ta fara haɗa hadari. Kowace ranar kasuwa Baba Dikko zai shigo shago ya zauna bakin benci ya ce, "Ladan, ina labari?" In ce, "Sai alheri, Baba, ana nan ana ƙoƙari." Ya ce, "To, madalla," ya tashi. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Dillalan da anka kora kuwa sun ce ko kyauta ba su zuwa, a jira motar kwamfuta. Ran nan da la'asar yayyafin farko ya sauka.

Washegari na hau kabu-kabu sai Maiyama. Na iske Malam Sahabi a zaurensa, ido ya yi rauni amma baki na nan yadda na san shi. Na kwashe komai na gaya masa, ban rage ba. Ya bari na gama sarai.

Ya ce, "Sau nawa ka yi mata sallama?"

Na ce, "Sau biyu, Malam."

Ya ce, "Ko guda ba ka yi ba. Na farko ka tsaya ƙofa kana wanke kanka, na biyu ka tsaya kana talla. Amma a bar maka su biyu. Saura guda. Sallama uku ce, Ladan, haka anka koya muna. In ba a amsa ba sai ka juya. Kuma wagga karon ka gaya mata cewa za ka juya."

Na ce, "Haba Malam! In ba ta amsa ba fa? Rudu uku ne, na mutane!"

Ya ce, "Sai ka juya."

"Albasa ta ruɓe?"

"Ta ruɓe. Gidanta ne, ba naka ba. Ku masu inji kun ɗauka don ƙofa ba ta da ƙyaure, ba ta da mai ita."

Ya sa anka fiddo tsohuwar tafiretar nan daga ƙarƙashin gado, na hure ta, na zauna kan tabarma na buga, harafin nan na maƙalewa ina ɗago shi da farce. Layi bakwai ne kacal. Ni ne Ladan na Jega, Baba Dikko na Danwarai ne ya aiko ni. Na watsa adireshinki ba da izninki ba, laifina ne, ba na wani ba. Albasar da kika ce a ajiye tana nan, manoma sun riƙe alkawari, ruwa ya fara. Ga sabon adireshina, ba zan rubuto miki ta nan ba sai in ke kika fara rubutowa. Wagga ita ce takarda ta ƙarshe, in ban ji ki ba, ba za ki sake ji na ba. Na karanta masa, ya ce, "Yanzu ka yi sallama." Na bi ta Danwarai na ɗauki albasa uku, ɗaya daga kowane rudu, na ƙulle su da takardar na ba Bagudu.

Jiran nan ba zan so ma maƙiyi shi ba. Faifan nan yana cikin aljihun tebur, kullum zuciya na ce mini in sake gwadawa da sabon akwati, ƙila cikin mutanen duniya a dace da mai son albasa. Da na ga zai ci ni, na ɗauke shi na ba wani mai noman shinkafa a fadama, ya rataye shi da zare yana walƙiya yana korar tsuntsaye. Can ne ma ya samu aikin da ya iya. Ruwa na biyu ya sauko, mai ƙarfi, da iska.

Kwana na biyar da safe na tada Tsohuwa, ta yi tari ta kama. Na latsa, shafi na buɗewa kaɗan-kaɗan, sai ga suna guda a sabon akwatina. Ita ce! Ta ce duk masu rubuto mata, ba wanda ya taɓa cewa zai tafi in ba a so shi, sai ni. Ta ce ta yanka albasar ta gani, motoci za su taso gobe. Allahu Akbar! Na yi wata kururuwa har mai shayin tasha ya zubar da ruwan zafi. Na bar shago buɗe, na ɗare kabu-kabu ina ce masa, "Danwarai, ka ba ta wuta!" Tun daga bakin gari nake ɗaga takarda sama, mata na leƙowa ta kan darni, maza na fitowa daga gona da gudu. Ranar an yi murna, an yi ta.

Da motoci sunka iso anka buɗe rudu na farko, lafiya lau. Na biyu, lafiya lau, albasa ja jawur sai sheƙi. Anka zo na uku, na Baba Dikko, tun kafin a ɗaga ciyawa wari ya tare mu. Ta yi ruwa, ta yi baƙi, sai ƙuda. Na tsaya ina mamakin yadda nasa kaɗai ya sha ruwa, sai wani maƙwabci ya ja ni gefe ya gaya mini. Ranar da hadari na biyu ya taso, Baba Dikko ya yaye tamfol da zanan da ke kan rudunsa ya rufa wa nasu. Ya ce su da maganarsa sunka kori dillalai, shi kuwa da tasa. Noman shekara guda ke nan. Na karɓi shebur munka kwashe ruɓar tare, ni da shi, har azahar. 

Tun daga nan ban sake samun ƙara ko guda ba, kuma na daɗe ina aikin. Ba wani asiri ba ne. Ba na rubuta wa wanda bai ce in rubuto ba, ko da kuwa katinsa na tsinta a ƙasa. Kan saƙo yana faɗin sunana da abin da ke ciki, ba ihu ba manyan baƙaƙe. Adireshin mutum amana ne, in saƙo na mutane da yawa ne sai in sa su layin ɓoye, kowa ya ga nasa kaɗai. Mai kifi ba ya samun zancen albasa. A ƙasan kowane saƙo akwai layin da ke cewa in ka gaji da ni ka faɗa, kuma wanda ya faɗa, ranar nan nake soke shafinsa, ba sai gobe ba. Wanda na rubuta wa sau uku bai amsa ba, na bar shi ke nan, ko shi ne mai sayen albasar duniya. Ku yanzu kuna da manhajoji masu yi muku rabin wannan, amma na ga kuna sayen jerin lambobi kuna watsawa, kuna dariya. Faifai ne dai ya sake riga.

Baba Dikko bai daina kawo mini aiki ba. Shekara na zagayowa ya zo da zancen sabuwar albasa. Ina zaune ina bugu sai na ji murya daga waje: "Salamu alaikum." Na ɗaga kai, ga shi tsaye bakin ƙofa cikin rana, da sandarsa. Shago ne fa, ƙofa wangale, kowa faɗowa yake yi, shi ma da can haka yake shigowa ya zauna bakin benci. Na ce, "Haba Baba, kai da shagonka?" Bai motsa ba. Ya sake cewa, "Salamu alaikum." Sai na gane. Na miƙe tsaye na ce, "Wa alaikumus salam, Baba, bisimilla." Sannan ya cire takalmi ya shigo.

Bai taɓa tada zancen rudun nan ba, ko da wasa. Amma har Allah ya karɓi abinsa, bai sake taka shagona ba sai na amsa.